Kwana uku a kan keke: yadda muka zagaye tafkin Bodensee ni da wani Bazazzage

Da na gaya wa Hajiyarmu a waya cewa zan yi tafiyar kwana uku a kan keke sai ta yi shiru, can ta ce "kuɗin motar ne babu ko me?" Na ce a'a Hajiya, yawo ne kawai na shan iska. Ta ce to Allah ya kyauta, mutum ya tsallaka har Turai karatu ya ƙare da tuƙa keke kamar yaron da aka aika niƙa. Ban ga laifinta ba gaskiya, don ni kaina rabona da doguwar tafiya a keke tun ina sakandare a Kano, lokacin da nake satar tsohon Raleigh ɗin Baffa in yi goyon ƙanina mu tafi kallon ƙwallo, ga 'yan acaɓa ga 'yan tifa kowa na danna maka hon kamar ka ci masa bashi.

Wanda ya ja ni cikin wannan rigima wani abokina ne Bazazzage da muke zaune gida ɗaya a Stuttgart ta ƙasar Jamus. Shi ya dame ni da zancen Bodensee, wai akwai hanyar keke da ta zagaye tafkin kaf, kusan kilomita 260, ta ratsa Jamus da Ostiriya da Siwizalan, babu mota babu hayaniya. Na ce mutumina, Bazazzage da ya saba da zagaye Kwangila zuwa Samaru shi ne zai yi kilomita 260? Ya ce ai Bakano in ba a ce akwai riba a ƙarshen hanya ba baya motsi. Muka yi ciniki dai muka rage, muka ce za mu zagaye babban ɓangaren tafkin kawai, mu yanke ta jirgin fito. Farkon watan Satumba ne, kekunanmu kuma na hannu ne da muka saya a kasuwar tsofaffin kaya, masu siririyar taya, nawa sarƙarsa har kuka take in na canja giya.

Jirgin ƙasa muka bi zuwa Singen, muka canja wani ƙarami zuwa Konstanz. Ina sauka na ga ruwan sai da na ce tab. Ni duk abin da na sani da sunan babban ruwa shi ne Tiga, shi ma sau biyu na je, wannan kuwa faɗinsa murabba'in kilomita 536 ne, tsawonsa ya haura kilomita 60, zurfinsa a tsakiya mita 251, in ka tsaya a Konstanz ka dubi wajen Bregenz, garin da ke can ɗaya ɓangaren, ba ka ganin ƙarshensa sai ka rantse teku ne. Kuma abin dariya ashe na daɗe ina shan ruwan nan ban sani ba, domin daga wani gari Sipplingen ake zuƙo shi a tura ta bututu har Stuttgart da gaba da nan, mutum wajen miliyan 4 ke sha. Konstanz ɗin tsohon gari ne, a nan manyan cocin Katolika suka yi wani dogon taro daga 1414 zuwa 1418 lokacin da mutum uku ke ikirarin kujerar Fafaroma a lokaci guda, har suka ƙone wani malamin kirista Jan Hus a 1415 saboda saɓanin fahimta. Ginin da aka zaɓi sabon Fafaroman yana nan bakin ruwa har yau, mun wuce ta gabansa ba mu tsaya ba, don mutumina ya ƙagu wai mu je mu ga hanyar da babu mota.

Jirgin fito daga Konstanz zuwa Meersburg minti 15 ne kacal, motoci a tsakiya kekuna a gefe. A nan na fara lura da abin da zan so Hajiya ta gani da idonta: masu keken nan rabinsu sun haifi ubana. Tsofaffi tukuf, mata da miji, hular kwano a kai, jakunkuna a kariya, kekunan kuma irin masu batir ɗin nan da kuɗin ɗaya zai sayi babur sabo fil a Fagge har da canji. A wajenmu keke shaida ce ta cewa ba ka samu ba tukuna, nan kuwa sai mutum ya samu ya ƙoshi ya yi ritaya sannan ya ajiye motar ya hau keke. Ko da yake ba abin mamaki ba ne, ai a wannan jiha ta Baden-Württemberg aka fara abin, wani Karl Drais ne ya fito da keken katako marar feda a Mannheim a 1817, ana tura shi da ƙafa kamar yadda yara ke yi kafin su iya.

To amma fa ranar farko sai da na kusa zagin Bazazzagen nan. Meersburg gari ne mai kyau ba ƙarya, tsohuwar fada a kan tudu, gonakin inabi sun gangaro har bakin ruwa, amma hanyar keken cike take maƙil, ka ce Kantin Kwari ana jibi sallah. Masu keke, masu tura jarirai, masu karnuka, kana danna ƙararrawa ana danna maka, wata tsohuwa ta wuce ni fuu a kan hawa da kekenta mai batir ko haki ba ta yi, ni kuwa ina miƙe a kan feda harshe waje. Bayan Hagnau kuma sai hanyar ta riƙa kusantar babban titin nan B31, manyan motoci na ta wucewa, e an raba mu da su ba za su taka ka ba, amma ƙarar tana cikin kunnenka. Na ce mutumina wannan ce hanyar da babu hayaniyar? Ya ce in yi haƙuri a intanet ba haka ya gani ba.

Wani dattijo ne ya cece mu. Mun tsaya shan ruwa kusa da Immenstaad, shi ma ya tsaya da wani tsohon keken tsere na ƙarfe, ƙwaurinsa kamar an sassaƙa da itace. Ya dubi tayoyinmu ya ce da irin wannan keken me muke yi a bakin ruwa, mu hau sama mana. Ya nuna mana wata 'yar siririyar kwalta da ta bi cikin gonaki ta yi tudu, a bakinta akwai allo mai jan zagaye da hoton mota da babur a ciki, a ƙasa an rubuta cewa sai masu aikin gona kaɗai. Ya ce duk inda muka ga wannan allon mu shiga kawai, keke ba a hana shi ba, in mun ɓata mu gangara, ai duk gangare ruwa yake nufa. Muka yi masa godiya da guntun Jamusancinmu, ya hau ya ɓace kafin mu gama ɗaure hula.

Wallahi minti goma da hawa tudun nan kamar an kashe rediyo. Shiru. Irin shirun da rabona da shi tun ina yaro in an kai mu ƙauye hutu, da rana tsaka bayan azahar lokacin da ko kaji sun shige inuwa. Hanyar faɗinta bai fi na tarakta ɗaya ba, kwalta ce sumul ba rami ko ɗaya, hagu da dama bishiyoyin tuffa ne jere a layi, gajeru, an ɗaure su da waya, an lulluɓe samansu da baƙar raga saboda ƙanƙara kar ta fasa 'ya'yan. Tuffa ja jawur har tana taɓa ƙasa. Ba abin da kake ji sai ƙarar tayarka a kan kwalta, sai kukan sarƙata, sai ƙararrawar coci daga wani ƙauye can nesa. Da farko ma shirun ya dame ni, na kama kaina ina ta waiwaye, jikina ya saba da cewa in hanya ta yi shiru to wani abu na tafe a guje ta baya, kafaɗata a ɗage take ina jiran hon. Sai da muka yi wajen awa ɗaya sannan na ji wuyana ya saki. Cikin awar nan tarakta biyu muka haɗu da su, ɗayan ma mai shi ya ja gefe ya tsaya har muka wuce ya ɗaga mana hannu. In ka kai ƙololuwar tudu ka juya sai ga tafkin gaba ɗaya a shimfiɗe, jiragen ruwa masu farin ƙyalle kamar an watsa auduga, can ƙetare kuma duwatsun Siwizalan, wanda ya fi fitowa shi ne Säntis, mita 2,502.

A bakin wata gona muka ga 'yar rumfa, tuffa a leda da ruwan tuffa a kwalba, an rubuta kuɗi a kwali, ga akwatin ƙarfe an huda samansa, babu kowa. Mutumina ya leƙa hagu ya leƙa dama ya ce "ina mai kayan?" Na ce ai ka ga akwati. Ya daɗe a tsaye yana kallon akwatin nan kamar zai yi masa magana, ya ce Bakano dai kar ka ce za ka nemi ragi. Muka jefa yuro uku muka ɗauki leda ɗaya, wannan tuffar ita ta riƙe mu har ƙarshen tafiya. A nan gefen muka shimfiɗa rigunanmu muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, waya ta nuna mana gabas, wajen kudu maso gabas ake fuskanta daga can. Wata mata ta zo wucewa da kare ta ja shi ta zagaya nesa don kar ta gitta mana, ba ta ce komai ba.

Muna gangarowa Friedrichshafen sai tayar bayana ta yi fus. Da a gida ne sai in tura zuwa gindin bishiya mafi kusa, mai faci na nan da bahon ruwansa da sholisho, minti biyar an gama. Nan ba mai faci, kai ne mai facin kanka. Na ciro tib na hura na riƙa kai shi kusa da leɓe ina neman inda iska ke fita, na kankare na shafa na manna, famfon hannunmu ɗan ƙarami kamar sirinji sai da na yi bugu ya fi ɗari biyu. Ina cikin haka na ji wani gurnani a sama, na ɗaga kai sai ga wani abu fari dogo kamar ƙaton kifi yana tafiya a hankali a sararin sama. Zeppelin ke nan, jirgin sama mai kama da ƙatuwar balan-balan, garinsu ne, a nan aka fara tada shi ranar 2 ga Yuli 1900 daga wata rumfa da ke yawo a kan ruwan tafkin, har yanzu kuma ana ƙera sabon samfurinsa ana ɗaukar masu kuɗi yawo. Mun kwana a wani masaukin matasa, ɗaki ɗaya mu shida, wani a cikinsu munsharinsa ya fi na B31.

Rana ta biyu da sassafe muka fita, kuma na gane wani abu, ita kanta hanyar bakin ruwan kafin ƙarfe tara taku ce ku kaɗai, tsofaffin suna can suna karyawa. Muka ratsa fadamar Eriskirch hazo na tashi daga ciyawa, muka wuce Langenargen inda akwai wata tsohuwar gada da aka rataye da igiyoyin ƙarfe a kan kogin Argen, yanzu sai masu ƙafa da keke ke bin ta. Daga nan muka sake yin abin da dattijo ya koya mana, muka bi kogin muka yi sama wajen ƙauyukan Tettnang. A can wata shuka muka tarar da ban taɓa gani ba, tana naɗe waya tana hawa sama ya fi tsayin gidan bene, kamar an shuka wake a kan turakun lantarki, ƙamshinta mai ɗaci ya cika hanya don lokacin girbinta ne. Mutumina ya tambayi wani manomi, ashe ita ake sa wa barasa. Ya ce a'uzubillahi, ya ƙara wuta, ni kuwa ina bayansa ina dariya, na ce ai ƙamshi baya karya alwala malam.

Hawa da gangaren wannan yanki ba wasa ba ne, gajeru ne amma ba sa ƙarewa, kana gama ɗaya wani na jiranka, cinyata ta fara rawa. Sai dai gangaren ƙarshe zuwa Lindau ya biya mu duka. Lindau tsibiri ne, ana shiga ta gada, a bakin tasharsa akwai gunkin zaki mai tsayin mita 6 yana kallon ruwa da hasumiyar fitila mai mita 33, duka tun 1856. Tun 1951 kuma masu lambar Nobel ke taruwa a garin suna ganawa da matasan masu bincike, mutumina ya ce wata rana da gayyata zai dawo ba da keke ba, na ce Allah ya sa, amma a fara gama rubuta kundin tukuna. Mun so mu ci kifin tafkin, wanda suke ce wa Felchen, sai aka ce ai tun farkon 2024 an dakatar da kamunsa na shekara uku a wannan ɓangaren saboda ya yi ƙaranci. Wani abin mamaki, cikin dalilan har da cewa ruwan ya yi tsabta da yawa, tunda aka hana ƙazanta shiga sai abincin da kifin ke samu ya ragu. Muka ƙare a shagon wani Baturke muka ci döner, wato gasasshen nama a cikin burodi.

Tsakanin Lindau da Bregenz bai fi kilomita 10 ba, kuma a nan ake shiga Ostiriya. Ni ina ta shirin fito da fasfo, sai mutumina ya ce ai mun wuce, wani ɗan allo ne kawai a gefen hanya. Na tuna layin Jibiya da Maigatari na yi ƙwafa. Su ƙasashen ukun ma har yau ba su zauna sun shata iyaka a tsakiyar babban tafkin ba, kowa da yadda yake kallon abin, kuma ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Bregenz akwai wani ƙaton dandamali da aka gina a kan ruwa inda ake wasan kiɗa da waƙa duk bazara, mun leƙa mun wuce. Bakin ruwan wajen kuma sai ka yi ta kallon tayar gabanka, don mutanen nan in rana ta fito ba su da haƙuri da tufafi.

Inda ya fi kwanta mini a rai duk tafiyar shi ne bayan Hard, wajen Fußach, inda kogin Rhein ke shigowa tafkin. Tun 1900 aka yanka wa kogin sabuwar hanya miƙaƙƙiya saboda ambaliya, aka yi masa ganuwa hagu da dama da ta kutsa cikin tafkin kilomitoci. Ruwan kogin fari-fari ne kamar an dama koko don daga kan duwatsu yake zuwa da laka, na tafkin kuma shuɗi, kana ganin inda suka haɗu. Daga nan hanya ta hau kan wata doguwar ganuwa, dama ciyawar ruwa ce mai tsayi kamar gamba har iya ganinka, hagu makiyaya ce da shanu masu ƙararrawa a wuya, wani wajen kwalta wani wajen tsakuwa, mota kuwa babu ita sam. La'asar sakaliya ce, rana ta yi ja, tsuntsaye iri-iri, har da wasu manya farare masu jan baki dangin shamuwa, waɗanda wasunsu in sanyi ya gabato suke ƙetare sahara su sauka ƙasashenmu. Mutumina ya tsaya ya ce da su "in kun je ku gaida mutanen Tudun Wada." Muka sauka daga keke muka zauna a kan ganuwar ba mai cewa uffan, ni dai ban san minti nawa muka yi ba, tuffa muke ci kawai.

Abin da ya tashe mu wata fitila ce ruwan lemo da na hango tana walƙiya can bakin gaɓa, sai na ga wata ma a ƙetare. Ashe gargaɗi ne ga masu jiragen ruwa, in tana ƙiftawa sau 40 a minti iska mai ƙarfi na tafe, in ta kai 90 to guguwa ce kowa ya nemi gaɓa. Ba mu tsaya ƙirgawa ba. Hadari ya taso daga wajen Siwizalan baƙi ƙirin, iska ta riƙa tura mu gefe, muka isa masaukinmu a Höchst sharkaf, takalmi na ƙwal-ƙwal, matar gidan ta dube mu ta kawo tsofaffin jaridu ta ce mu cusa a ciki kafin safe zai bushe. Ya kuwa bushe.

Rana ta uku ba ni da dogon labari, don mazaunaina sun riga sun yi yaji, duk tunanina yana kan sirdi. Muka haye wata 'yar gada daga Gaißau zuwa Rheineck, shi ke nan mun shiga Siwizalan, allunan hanyar keke suka koma jajaye. Waya ta turo mini saƙon kuɗin da za a caje ni in na taɓa intanet tunda ƙasar ba ta cikin Tarayyar Turai, na kashe data da sauri. Rorschach, Arbon, Romanshorn, hanya shimfiɗaɗɗiya mafi yawanta a gefen layin dogo, jirgi ya zo ya wuce shuu ba ƙara. Nan ma tuffa ce ko'ina, amma bishiyoyinsu manya ne tsofaffi a warwatse cikin ciyawa, shanu na kiwo a ƙarƙashi. Mun tambayi kuɗin shayi a wani waje, da muka ji sai muka ce mun gode, muka cika gorunanmu a famfon dandalin gari, ruwan sanyi ƙarara kuma kyauta.

Wajen ƙarfe uku muka shigo Kreuzlingen, wanda shi da Konstanz kusan gari ɗaya ne iyaka ta raba, muka tsallaka ta bakin ruwa ba wanda ya tambaye mu komai. Ɗan agogon da ke kan keken mutumina ya nuna kilomita 163 har da ɓatan hanya da muka yi sau biyu a cikin gonaki. Ya ce saura tsibirin Reichenau, wai akwai wata hanya mai dogayen bishiyoyi a jere hagu da dama da ta ratsa ruwa, kilomita kaɗan ne daga nan, mu ƙarasa mana. Na ce malam ko Sarkin Zazzau ne ya aiko ba zan sake hawa sirdin nan yau ba.

A cikin jirgi a tsaye na dawo har Singen duk da ga kujeru babu kowa. Na tura wa Hajiya hoton tsofaffin nan na cikin jirgin fito da kekunansu, da na gonar tuffa, da na akwatin kuɗin da ba mai gadi. Ba ta ce komai a kan tsofaffin ba. Saƙon murya ta turo, wai wannan akwatin da na ce, da daddare ma a nan suke barinsa?